Makarantar Ɗakin Dawa

Matso nan kusa, ja tabarmar ka zauna, in ba ka labarin wata makaranta da ba ta da malami, ba ta da ƙararrawa, ba ta kuma cikin littafin gwamnati. A tsakar gidanmu aka yi ta, ina ji da kunnena.

Gidan namu a cikin birnin Zariya yake, ta wajen Ƙofar Kibo, irin gidajen nan na ƙasa masu zaure biyu da sassa a ciki. Maigidana maɗinkin riga ne, shi da wansa. A zauren farko suke wuni da allura da zare, su da masu koyon ɗinki. Wan nan nasa shi ne babban gidan, Malam muke ce masa, in ya yanke magana an gama. Ni kuwa sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ban cika fita ba, ban ma damu da fitar ba. Kunne Allah ya ba ni. Ina zaune a gindin murhu zan gaya maka wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa, in gaya maka ko ran maigidana a ɓace yake daga yadda ya yi sallama.

Yarinyar da maganar take kanta 'yata ce ta fari. Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba, bari in faɗa musu. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an doke shi ba ta tambayar dalili. Ana yaye yarinyar nan kakarta, uwar maigidana, ta ɗauke ta. A ɗakin tsohuwar ta girma har ta shekara bakwai, sannan tsohuwar ta rasu, ta dawo wurina. Ta dawo ɗin, amma in zan kira ta sai dai in ce “Ke!” ko in ce wa wata “kira mini waccan.” Ba wanda ya tsare ni da sanda. Haka na ga an yi, haka na yi.

Bahaguwa ce. Kakarta ta yi fama har ta samu tana cin abinci da dama, tana miƙa abu da dama, tana karɓa da dama. Amma tsintsiya da allura da jifan ƙadangare, duk da hagu. A wurina ta gada, ba sai an faɗa ba. Ni ma shekara biyu na yi a elemantare, rula ce ta kore ni. Kullum sai an fasa mini bayan hannu, har na wayi gari na ce wa babana cikina na ciwo, gobe ma ciki, jibi ma ciki. Shi kuwa da ma ba ƙaunar bokon yake ba. Karatuna ke nan.

Shekarar da gwamnati ta ce kowa ya kai ɗansa makaranta kyauta aka sa ta, a tsakiyar shekarun saba'in. Babba da ƙarami tare aka kwasa, aji ya cika ya batse, benci bai isa ba, wasu a ƙasa suke zama. Malamin nasu saurayi ne, shi ma bai daɗe da sauka daga benci ba. Ban ɗora masa laifin duka ba, mutum ɗaya aka damƙa wa garke. Amma abu guda ya riƙe gam, cewa ba a rubutu da hagu a ajinsa.

Ba ta taɓa gaya mini ba, ai ba ma hira. A ƙafarta na ji. Da, in an taso, da gudu take shigowa, silifanta na dukan ƙasa fat-fat-fat. Sai gudun ya koma tafiya, tafiyar ta koma jan ƙafa. Ta daina waƙa in tana wanke-wanke. In ta miƙo mini kwano sai in ga bayan hannunta a kumbure, in kawar da kai kamar ban gani ba. Rubutunta da dama kamar kaza ta yi tono. Aka sa mata suna dakikiya, aka mai da ta can bayan aji. A tsakiyar aji biyu malamin ya aiko cewa in ba ta gyara ba za ta maimaita. Na ji maigidana yana ce wa Malam a zaure, “In ta maimaita sai a cire ta kawai, ta zauna ta taya uwarta tuya.”

Ranar na ƙona ƙuli-ƙuli kasko guda. Na san inda hanyar nan take zuwa, ai ni na bi ta. Kuma ba ni da bakin cewa komai.

Abin da ya gagare ni, yara ne suka yi shi. Akwai 'yar Malam, wadda ta girme ta da shekara biyu amma ajinsu ɗaya, baki gare ta kamar reza. Akwai kuma wata yarinya 'yar Wusasa, Kirista, uwarta nas ce a ɗakin shan magani na kusa da mu. Wajen sayen man gyaɗa muka saba da uwar, har ya zama in an tashi makaranta yarinyar a gidanmu take zama sai uwarta ta tashi aiki ta biyo ta ɗauke ta. Sai 'yan maƙwabta biyu. Su biyar ke nan har da tawa.

Ɗakin marigayiya kaka, tun rasuwarta aka mai da shi wurin ajiye buhunan dawa. Bangonsa ɗaya da madafina. Wata rana bayan azahar na ji ana jan buhu, ana atishawa, ana dariya. Na kasa kunne.

“Ni ce Malama,” in ji 'yar Malam.

“Saboda me?” in ji 'yar nas.

“Saboda gidan ubana ne.”

“To koyar da buhunan ubanki, mu kin ga tafiyarmu.”

Aka kwashe da dariya. Aka yi ta musu, har ɗaya daga 'yan maƙwabta ta fito ta zari tsinkayen tsintsiyata guda biyar ba ko sallama. Dokarsu ta farko ke nan: kullum a ja tsinke, wadda nata ya fi gajarta ita ce Malama ta ranar. Ta biyu, ba duka, ba zagin “ba ki da kai.” Ta uku ita ce ta ɗaure mini kai. Malama ba abin da ta iya za ta koyar ba. Abin da ya gagare ta da safe a aji shi za ta tashi ta faɗa, ta tafi da shi har inda ta maƙale, sauran su taru su yi ta ja da ita sai an fita. Na ce a raina, yaran nan sun ɗauki abu ta gindi. Ashe su suka ɗauke shi daidai. A ajin safe, wanda bai gane ba shi ke ɓuya. A ɗakin dawa shi ke tsaye a gaba, ana kiransa Malama.

Allonsu ƙyauren ɗakin ne, na gwangwani, suka shafe cikinsa da garin gawayi, suna rubutu da farar ƙasa. Ƙirga kuma da ƙwayar dawa, tsibi-tsibi. Ina daka ina jin su.

“Bakwai ba ta fita daga uku, sai a ranto a wurin maƙwabciya.”

“In maƙwabciyar sifili ce fa, Malama?”

“Oho, nan ne ni ma na maƙale.”

“Matsiyaciya ce, a wuce ta a buga gidan gaba!”

“In an wuce ta, ita me za ta zama?”

Sai in ji ƙarar ƙwayar dawa a kan faifai. Can sai wata ta yi ihu, “Tara! Tara take zama, wallahi!” Su yi ta tsalle har ƙura ta fito ta ƙarƙashin ƙyaure.

Kwana huɗu tsinke bai faɗa kan tawa ba. Ran na biyar ya faɗa. Na ji ta tashi. Na ji farar ƙasa tana karce gwangwani a hankali, tana tsayawa, tana faɗuwa ƙasa, ana ɗauka. Na san da dama take yi.

“Ke, wa kike tsoro?” in ji 'yar Malam. “Buhu? Buhu zai kai ƙararki? Yi da hannunki mana.”

“Za a gani.”

“Mu ne za mu gani, mu kuwa mun daɗe muna ganin kina tsince ƙwarƙwata da shi.”

Aka yi dariya, har ita. Sai ƙarar farar ƙasar ta canja. Ta daina karce, ta koma tafiya sumul, kamar allura a hannun gwani. Na tsayar da taɓarya a sama ban sani ba. Da ta gama sai 'yar nas ta ce, “Kai! Ashe mu ne dakikan. Wannan ai ya fi na hedimasta kyau.”

Ina son in gani kamar in mutu. Amma uwa ta je kallon rubutun 'yar fari? Sai na jira suka tafi makarantar allo bayan la'asar, na ɗauki ƙwarya, wai zan ɗebo dawa. Na tsaya a gaban ƙyauren nan. Baƙaƙe a jere, kowane a tsaye da ƙafarsa, layi a miƙe kamar an ja zare. Washegari ma na ɗebo dawa. Jibi ma haka. Har facalata, matar Malam, ta ce, “Ƙanwata, dawar nan da kike ɗiba kullum, tuwon unguwa za ki yi mana?” Na ce ƙwari nake dubawa. Ta yi murmushi ta ce, “Ƙwarin nan kam sun iya rubutu.”

Kuma ba kallo kaɗai nake yi ba. Abin da na ji ta bango da rana, sai in same shi a jikin ƙyaure da yamma, in ɗauki guntun farar ƙasa in kwaikwaya a ƙasan nasu, da haguna, in goge kafin su dawo. Ɗan rubutun da kake gani ina yi yau, rabinsa daga nan ne.

Kafin wata uku sun zama goma sha ɗaya, ɗaki ya yi musu kaɗan, wasu a kan buhu suke zama. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ranar da suka wuni suna faɗa a kan wai an sauya tsinke. Akwai satin da suka ce lissafi ya ishe su, suka koma koyon karanta agogo da wani mataccen agogon Malam. Akwai abin da duk ɗakin ya gagara, sai 'yar nas ta tafi da shi Wusasa ta tambayo babanta, wanda akawu ne, ta dawo da amsa a tafin hannu. Ba mu sa musu baki ba, ni da facalata. Ruwa kawai muke ajiye musu a bakin ƙofa, da ɗan tunkuza.

Rigimar daga ajin safe ta taso. Malamin ya ba da shifta, yarinyar ta manta inda take, ta kama fensir da hagu. Ya ɗaga rula. Sai 'yar Malam ta miƙe ta ce, “Malam, duba rubutun tukuna, sannan ka doke ta.” Wata daga baya ta ce, “A makarantarmu ba a duka.” Ya ce wace makaranta? Suka faɗa masa, da alfahari ma.

Da yamma na ji an jingina keke a ƙofar gida, na ji sallamar da ban sani ba. Ashe malamin nasu ne. Daga madafi na ji komai. Ya ce wa Malam an buɗe wata makaranta a gidansa da ke lalata masa yara, sun daina tsoronsa, suna tambayarsa “don me,” suna cewa ba haka aka yi a wurinsu ba. Malam ya ba shi haƙuri. Da ya tafi na ji Malam yana ce wa maigidana, “Ilimi ba malami, a garin nan? Gobe zan rufe ɗakin. Ita kuma a naɗe mata hagun da tsumma in za ta yi karatu, har ta saba.” Maigidana ya ce, “To, Yaya.” Abin da yake cewa ke nan tun yana yaro.

Washegari bayan azahar, yara na ciki ana tsakiyar karatu, na ji takun Malam ya wuce zaure na biyu, da ƙarar kwaɗon kulle ƙofa a hannunsa. Maigidana na biye da shi. Al'ada ita ce in shige ɗakina in saki labule. Wan miji ne, maganar kuma ta 'yar fari ce, kunya biyu a kaina. Facalata ta dube ni ta shige nata. Na yafa mayafina, na nufi ɗakina, har na kama labule. Sai ƙafata ta juya. Na je na zauna a dokin ƙofar ɗakin dawa, na miƙe ƙafafu.

Malam ya tsaya. Bai dube ni ba, ƙaninsa ya duba. “Gaya wa iyalinka ta ba ni hanya.”

Na ce, “Malam, barka da rana. Ka gafarce ni, ba zan tashi ba.”

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba.

Ya ce, “Yara su koya wa yara? Makaho ya ja makaho ke nan. Ina aka taɓa yi?”

Na ce, “A zaurenka, Malam. Shekara goma sha biyu ina ji. Sabon mai koyo in ya zo, ba kai kake nuna masa yadda ake zura zare ba, wanda ya riga shi da wata uku ne. Kai sai ɗinki ya kai wuya ake kawo maka. Kuma ban ji an ce rigunan gidan nan sun lalace ba.”

Na ji wani daga masu koyo ya yi tari a zaure, irin tarin ɓoye dariya. Fuskar Malam ta ɗaure.

Ya ce, “Hagun fa? Kin san abin da ake yi da hagu.”

Na ce, “Na sani. Da dama take ci, da dama take gaisuwa, da dama take karɓa, marigayiya ta tsaya a kan wannan, Allah ya jiƙanta. Fensir ne kawai. Ni an naɗe mini nawa hannun, ga ni nan, gyaɗa nake daka. 'Yata ba za a naɗe mata ba.”

'Yata. Na faɗa a gabansa, a gaban ubanta, a tsakar gida. Na ji facalata ta yi salati a bayan labule. Na ce tunda na jiƙe, bari in yi wanka gaba ɗaya. Na juya cikin ɗakin na kira yarinyar da sunanta, sunanta na yanka, da ƙarfi.

Ka san me ta yi? Waiwayawa ta yi ta dubi bayanta, tana neman wadda ake kira. Ba ta taɓa jin sunan nan a bakina ba. Sai da 'yar Malam ta zungure ta, ta ce, “Ke ake nufi, sakarya, uwarki ce,” sannan ta taso.

Na ce, “Rubuta wa babanki abin da kuke yi.”

Ta ɗauki farar ƙasa. Ta dubi Malam, ta dube ni. Ta mai da ita hagu, ta rubuta layi uku a jikin ƙyaure. Maigidana ne ya matso, ya sunkuya, ya bi layin da ɗan yatsa ba tare da ya taɓa ba, yadda yake duba ɗinkin wuyan riga. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake, “Hannun nan ya san layi.”

Malam bai ce ya yarda ba. Bai taɓa cewa ba har ya koma ga Allah. Ya rataya kwaɗon a jikin marfin ƙofa, a buɗe, ya juya ya fita. Kwaɗon nan ya shekara a wurin, ba wanda ya datse shi, ba wanda ya cire shi, yara na shiga suna fita ta ƙarƙashinsa.

Na biya, kada ka ɗauka a banza na sha. Malam bai ƙara amsa gaisuwata ba sai da babbar salla ta zo. Labari ya kai Gyallesu wurin mahaifiyata kafin magariba, ta aiko ƙanwarta takanas ta zo ta wanke ni tas, wai na zubar musu da mutunci, wai ba haka aka tarbiyyantar da ni ba. A gidan biki in na shiga sai a rage murya, wata ta ce, “Ga mai 'yar fari nan.” Wata tsohuwa ta tare ni a gidan suna ta ce, “Yarinya, an ce har suna kika kira?” Na ce, “Na kira, Inna. Daɗi gare shi, ni ban sani ba.” Ta kama haɓa.

Bayan kwana uku maigidana ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki littafin yarinyar, ya tafi wurin hedimasta, bai shawarci kowa ba. Ban san abin da suka faɗa ba, wannan kam ya fi ƙarfin kunnena. Na dai san an daina dukanta. Da aka yi jarrabawar ƙarshen shekara ba ta zo ta ɗaya ba, ba zan yi maka ƙarya ba, a tsakiya ta zo. Amma ta wuce zuwa aji uku, maganar cire ta kuma ba a sake tayar da ita ba.

Makarantar ta yi kusan shekara uku. Aka yi wa nas canjin wurin aiki, 'yarta ta daina zuwa, sauran suka girma, kowa ta kama gabanta, buhuna suka koma mazauninsu. Ba a yi bikin rufewa ba. Har yau akwai masu cewa wasan yara ne kawai, wai da na yi haƙuri da yarinyar ta saba da dama kamar kowa. Wataƙila. Ni dai na san wata da aka yi wa haƙurin, kuma ba ta saba ba.

To kai da ka saurare ni har nan, gaya mini tsakaninka da Allah: da kai ne zaune a dokin ƙofar nan, babban gida na tsaye a kanka da kwaɗo, ɗanka na bayanka da alli a hannu, tashi za ka yi?